Keken Inna da Buhun Ƙyalle

Duk wadda ta shigo ɗakin ɗinkina a Jabi, abu biyu take fara tambaya a kai. Na farko shi ne baƙin keken nan mai zanen ruwan gwal da ke jingine da taga, wanda fentinsa ya goge a daidai inda hannu ke dafawa. Na biyu kuwa buhun da ke ƙarƙashin tebur, cike da ƙyallaye, wanda wata maƙwabciyata ta taɓa ɗauka shara ce har ta aiko yaronta ya fitar mini da shi. Keken na Inna mahaifiyata ne, Butterfly ɗan Chaina, da kuɗin adashe ta saye shi a Zariya. Buhun kuma nawa ne. Abin da na gani da idona a wannan sana'a tamu ta cikin gida, shekara 40 da 'yan kai, duk tsakanin su biyun nan ya faru.

Yaran yanzu kan yi mamaki in na ce musu a ƙasar Hausa ta dā allura ta maza ce. Mace ita ke gurzar auduga, ta shiɓe ta, ta yi kaɗi da mazari. Daga nan zaren ya fita hannunta: masaƙi ya saƙa, marini ya tsoma a karofi, mai bugu ya buga, maɗinki ya haɗa riga ya yi mata aiki. Kakata har ta rasu ba ta taɓa ɗinka wa kanta riga ba, amma zaren da ta kaɗa Allah kaɗai ya san garuruwan da ya shiga. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar tufafin birnin suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus, kuma duk ɗinkin hannu ne. A wannan shekarar ce Isaac Singer ya yi rajistar kekensa a Amurka. Sai bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, kantunan Turawa suka bazu, keke ya fara zama abin gani a bakin kasuwa. Ko a lokacin, a shagon tela ya tsaya. Ya daɗe a waje kafin ya yi sallama ya shiga cikin gida.

Hula ce ta fara buɗe mana ƙofa. Matan kulle ba sa zuwa kasuwa, amma kasuwa tana zuwa musu ta hannun yara da dillaliya. Mai zane zai zana fasalin hular a farin yadi, yaro ya kawo, Inna ta zauna a inuwar ɗaki bayan an sauke tuwon rana, tana huda yadin tana cike kowane ido da zare. Hula ɗaya takan ci mata mako biyu ko fiye. A birnin Zariya ma, da maza suka fara tafiya boko da aikin gwamnati, mata suka karɓi aikin babbar riga, aska biyu da aska takwas, wanda a dā sai maza ke yi a zaure. Kuɗin hular nan Inna ke zubawa adashe. Ranar da kwasarta ta zo, ba ta sayi tasa ko kwalla ba kamar sauran mata. Keke ta ce a sayo mata.

Ta yi sa'ar lokaci. A 1976 gwamnati ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, yara suka cika makarantu, kuma kowane yaro sai da kayan makaranta. Telolin unguwa suka kasa. Ina iya tuna tsakar gidanmu shimfiɗe da yadi shuɗi da fari, Inna tana auna 'yan mata da igiya tana ƙulla alama, domin a lokacin ba ta iya karanta tef ba. Ni ce mai saka mata zare a allura da naɗa bobin. Kafin shekara ta zagayo keken ya mayar da kuɗinsa. Daga baya makarantar kwana ta ƙara mini abin da ba a yi a gida: kalmasa mai ɓoyayyen zare, saƙar kwarashi, rigar filo, da ƙyallen tebur mai fulawa a kusurwa.

Atamfar da muke yankawa a lokacin kusan duk 'yar gida ce. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, United Nigerian Textiles da Arewa Textiles suka biyo baya, Kakuri ta cika da ma'aikata. 'Yar Holan tana nan, amma sai lefe ko wani babban biki. Turmi yadi 6 ne: riga, zani, ɗankwali, sai ɗan abin da ya rage. Wannan ragowar ce ake gane hali da ita. Tela mai amana yakan naɗe ta ya mayar wa mai kaya. Inna ma tana mayarwa, amma yawanci sai matan su ce, "Haba Inna, me zan yi da shi? Bar wa yara." Da shi muka yi wa 'yar tsana riga, da shi aka yi goyon wasa, da shi ake haɗa bargon jariri. A gidanmu ba a taɓa share ƙyalle an zubar ba.

Da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, naira ta faɗi, albashi ya daina kai wata, gwanjo ya cika kasuwa. Matan ma'aikata waɗanda a dā suke ganin ɗinki aikin marasa boko ne suka fara neman inda za su koya. Shirin Better Life na Maryam Babangida ya zo a 1987, aka buɗe cibiyoyin koyar da mata ɗinki da saƙa a ƙananan hukumomi. A nan ne aka fara kiran abin da iyayenmu suka daɗe suna yi a tsakar gida da sunan "sana'ar dogaro da kai", har ana ba da takardar shaida.

Ranar 12 ga Disamba 1991 aka mayar da babban birnin tarayya Abuja, shekarar da ta biyo baya aka yi wa maigida canjin wurin aiki muka taho. Jabi a lokacin ba a gama fitar da ita daga daji ba: ga tafkin da aka haƙa, ga ƙauyukan Gbagyi, ga filaye da ciyawa. Ko da muka tare a unguwar, babu katafaren kantin bakin tafkin nan, sai a 2015 aka buɗe shi. Abin da ya fi damuna a Abuja shiru ne. A Zariya gida ɗaya mata goma, a nan kuwa kowa ya rufe ƙofarsa, maigida ya fita ofis, yara sun tafi makaranta, sai ke da bango. Da idon Inna ya raunana ta aiko mini da keken a mota, na je tashar Jabi na karɓo shi ɗaure da igiya cikin tsohon bargo. Ban rasa abin sawa a tukunya ba a lokacin. Abokin hira nake nema, na kuwa samu.

Ƙarar keken ce ta jawo mini maƙwabta. Wata Bayarabiya ta leƙo, ta koya mini yankan rigar da ke bin jiki, ni kuma na koya mata saƙar hular jariri. Wata 'yar Binuwai ta kawo labulenta na rage mata tsawo, muka zama ƙawaye har yau. Zare da zif da maɓalli a kasuwar Wuse muke saye, daga baya Utako ta fi mana kusa. In kuwa anko ne na biki, sai a yi waya Kantin Kwari a Kano, a ba direba, washegari a karɓa a tashar Jabi. Yawancinmu ba mu da shago, ba mu da allo a ƙofa. Wata malamar makaranta ce, wata ma'aikaciyar jinya, wata ta yi ritaya. Muna ɗinka wa 'ya'yanmu, muna yin zanen gado na kayan ɗakin amarya, in an biya mu karɓa, in ba a biya ba mu ce zumunci ne.

Shi kuwa katin gayyata, wanda shi ma nake haɗawa da keken nan da ƙyallen buhun, tarihinsa daga goro ya faro. Gayyata a wurinmu abu ce da ake danƙawa a hannu. In za a ɗaura aure ko suna, ana sayen goro ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya goro 100, a haɗa da alawa, a bi gida-gida. Wadda ba a kai wa goro ba, ko ta ji labari ba za ta je ba, kuma tana da gaskiya. Da boko ya bazu sai katin maɗaba'a ya biyo bayan goron. A zamanin 'yanmatancinmu takarda tana da daraja: akwai katin zaɓe da ake saya a cike a aika wa shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, akwai katin Barka da Sallah mai hoton masallaci da jinjirin wata, a manna masa kan sarki a jefa a gidan waya. Mu 'yan makarantar kwana da ba mu da kuɗin saye, kwalin sukari muke warewa mu juya bayansa, mu zana da fensir mai launi. Wayar salula ta zo a 2001, cikin 'yan shekaru katin Sallah ya ɓace. Katin biki ya ɗan daɗe. Masu buga shi sun cika rukunin shagunan UTC da ke Area 10 a Garki har aka rushe wurin a 2023, masu hali kuma suna sayo nasu daga Dubai da Indiya. Sai WhatsApp ya zo, gayyatar mutum 500 ta zama danna yatsa ɗaya.

Ni tsautsayi ne ya sa ni haɗa kati. A 2008 za a aurar da autarmu, na kai aikin kati wa wani mai ɗab'i. Saura kwana 5 ya kawo, ya rubuta ranar da ba ita ba, kuma injinsa ba shi da ƙugiya, "ƙanwarmu" ta koma "kanwarmu". Goggonmu ta sa aka karanta mata, ta yi dariya ta ce, "To 'yar nan, kanwar ta miya ce ko ta dabbobi za ku aurar?" Na maza aka sake bugawa a gurguje. Na manyan mata kuwa, guda 60, na ce ni zan yi. Na sayo farin kwali na yanka, na ɗebo ragowar atamfar anko, na sa mata sitaci na goge don kada bakinta ya warware, na yanka siri-siri na ɗora a gefen kowane kati da ɗan gam, sannan na bi da keke.

Daren farko na ɓata goma. Ashe takarda ba ta ɗaukar ɗinkin yadi: in taku ya yi ƙanƙanta, hudar takan jeru kusa da juna, katin ya rabe biyu kamar yadda ake yage kan sarki. Sai na buɗe takun zuwa mafi tsawo, na ware tsohuwar allura don takarda kaɗai, tunda kwali yana dakusar da sabuwa, na daina taka keken da ƙafa, ina juya shi da hannu a hankali. Ba a komawa baya don ɗaure zare. Ana jawo bakinsa ta baya a ƙulla. Rubutun da hannu na yi, kowace ƙugiya a wurinta. Da aka raba, sai ga wani amfani da ban yi tunaninsa ba: kowace mace ta ga atamfar ankon a jikin katinta, ta taɓa ta, ta san wadda za ta saya. Tun daga bikin nan ake kawo mini aikin kati, na suna, na walimar saukar Alƙur'ani, na gaisuwar mai jego.

A buhun nan ana iya karanta abin da ya sami masaƙunmu. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta bi ta a 2007, atamfar Chaina ta cika Kwari. Ƙyallayen ƙasan buhun, na zamanin Kakuri, auduga ce mai kauri, launinta na nan daram. Na saman kuwa da yawa suna sheƙi, amma in dutsen guga ya yi zafi sai su ƙanƙance, gam ma ba ya kama su sosai. Duk da haka buhun ya yi rana. Da aka rufe Abuja ranar 30 ga Maris 2020 saboda korona, kasuwa a kulle, daga cikinsa na ɗinka takunkumin rufe baki da hanci na raba wa masu gadi da maƙwabta. Keken lantarkin da yara suka saya mini yana zaune in an ɗauke wuta, na Inna kuwa mai kawai yake nema da ƙafa.

'Yan matan da ke zuwa wurina yanzu a YouTube da TikTok suka fara koyo, kuma sun fi mu sanin yayi nesa ba kusa ba. Nakan ce su ajiye wayar, su yi mini kalmasar hannu taku 20 a miƙe kafin su taɓa keke. Wata ta ce, "Mama, ai wannan inji na yi cikin minti ɗaya." Na ce ƙwarai, haka ma waya na kai gayyata cikin minti ɗaya. Ita ce kuma da aurenta ya zo, bayan ta tura wa ƙawayenta hoto a WhatsApp, ta dawo ta ce in yi mata kati 12 na iyaye da kakanni. Na yi mata, da sharaɗin ba za ta ba direba ba: ta haɗa da goro ta kai da kanta, ta durƙusa ta miƙa, tunda zumunci a ƙafa yake.

Bara Goggo ta rasu a Zariya, Allah ya jiƙanta. Da aka zo rabon kayanta aka buɗe tsohuwar akwatin ƙarfenta, sai ga katin auren autarmu a tsakanin zannuwanta na adana, naɗe cikin leda. Kwalin ya yi ja, tawadar ta dushe, amma ɗinkin bai saki ba. Goggo ba ta iya karatun boko ba, ba ta taɓa karanta abin da na rubuta a ciki ba. Atamfar ta gane, da hannun da ya ɗinka.