Injin lantarki na ƙarawa a keke

Injin lantarki na ƙarawa a keke wasu kayan haɗi ne da ake ɗaura wa keke na yau da kullum domin ya riƙa taimaka wa mai tuƙi, ba tare da an sayi sabon keken lantarki ba. Kayan sun ƙunshi inji, batir, na'urar sarrafa wuta da kuma na'urar da ke gane motsin feda. Dabarar ta daɗe: a shekarar 1895 Ogden Bolton Jr. ya yi rajistar keke mai inji a cibiyar tayar baya a Amurka.

Ire-ire

Akwai manyan nau'o'i uku. Na farko shi ne injin cibiyar taya, wanda ke zuwa haɗe da sabuwar taya ta gaba ko ta baya. Ƙananan irinsa masu giya a ciki kan yi nauyin kilo 2 zuwa 3, kuma sun fi sauƙin haɗawa. Kamfanin Swytch na Birtaniya yana yin irin na gaba. Na biyu injin tsakiya ne, kamar Bafang BBS02 da Tongsheng TSDZ2, wanda ake ɗaurawa wurin feda. Yana jan sarƙa ta cikin giyoyin keken, shi ya sa ya fi hawan tudu, amma ya fi nauyi kuma yana saurin cinye sarƙa. Na uku ƙaramin gargare ne da ke gogar bayan taya yana juya ta. Ba shi da nauyi, sai dai yana sulɓi in an yi ruwa kuma yana cin taya.

Abubuwan dubawa kafin saye

Keken ne ke nuna injin da ya dace da shi. Faɗin mazaunin tayar gaba a yawancin kekuna milimita 100 ne, na baya kuwa sau da yawa 135, yayin da injin tsakiya ke buƙatar ramin feda mai faɗin milimita 68 zuwa 73. Ƙarfin injin gaba na iya buɗe bakin ƙarfen da ke riƙe taya har ta fita ana cikin gudu, don haka ake ƙara wani ƙarfe mai tokare shi. Dole kuma birki ya zama lafiyayye, tunda gudu da nauyi sun ƙaru.

Batir

Yawanci batirin litiyam ake amfani da shi. Ana sanin yawan wutar da yake ɗauka ta hanyar ninka bolt da amfiya-awa: batir mai bolt 36 da amfiya-awa 10 yana ɗauke da wat-awa 360. Ƙaramin batir yana rage nauyi amma yana rage nisan tafiya, kuma tudu, iska da kaya duk suna ƙara shan wuta. Batir marar inganci ko cajar da ba tasa ba na iya haddasa gobara.

Doka

A Tarayyar Turai da Birtaniya, ana ɗaukar keken a matsayin keke ne idan injin bai wuce wat 250 ba kuma taimakonsa yana yankewa a gudun kilomita 25 a awa. Dokar tarayya ta Amurka ta 2002 ta amince da inji ƙasa da wat 750 da gudun da bai kai mil 20 a awa ba. A Turai, wanda ya wuce iyaka ya shiga sahun babura, masu buƙatar rajista da inshora.