Daga Katin Huji zuwa Waƙafi: Tarihin Loda Rubutu cikin Rumbun Bayanai

A zamanin katin huji, wanda kamfanin IBM ya tsayar da fasalinsa mai gurbi 80 a 1928, kowane bayani yana da ƙidayayyen mazauni: idan aka ce suna zai fara daga gurbi na 1 ya tsaya a na 20, to komai gajartarsa sai an bar ragowar guraben fayau. Harshen COBOL na 1959 ya gaji wannan tsari, shi ya sa har yau bankuna da dama ke musayar fayiloli masu ƙayyadadden faɗi. Wahalar tsarawa a lokacin tana kan wanda ya rubuta bayanin.

Al'amarin ya juya lokacin da aka fara raba bayanai da waƙafi, salon da Fortran na IBM ya karɓa tun 1972, wanda daga baya aka san shi da CSV. Shekara biyu kafin nan Edgar Codd ya gabatar da tsarin ajiye bayanai a jadawali, inda kowane layi ke wakiltar abu guda, kowane ginshiƙi kuma ke karɓar nau'i ɗaya tak, ko lamba ko kwanan wata ko rubutu. Jadawali ba ya sassauci, fayil ɗin rubutu kuwa ba ya alkawarin komai, don haka nauyin sulhunta su ya koma kan mai lodawa. Shi ne zai gano waƙafin da ke cikin adireshin mutum wanda ya raba gurbi ɗaya gida biyu, da kan shafi da ke maimaituwa a tsakiyar rahoton da aka tsara don a buga a takarda, da layin jimla da ya shige cikin bayanai kamar shi ma bayani ne.

Kayan aikin wannan gyara sun fito ne daga Unix. Aho da Weinberger da Kernighan sun ƙirƙiri awk a Bell Labs a 1977, Larry Wall kuma ya fitar da Perl a 1987, dukkansu don tsinke layi da sake jera shi. Sai a 2005 aka rubuta ƙa'idar CSV a takardar RFC 4180, ita ma bayyana al'adar da ta tarar ta yi, ba ta tilasta wa kowa ba.

Masu rumbunan bayanai sun sha bamban kan abin da ya dace a yi da gurɓataccen layi. SQL*Loader na Oracle yakan ware shi a wani fayil dabam ya ci gaba da aiki, umarnin COPY na PostgreSQL kuwa ya daɗe yana soke lodin gaba ɗaya saboda layi guda. Ƙwararru kuwa sukan yi amfani da jadawalin wucin-gadi, wato wurin da ake zuba fayil ɗanye, kowane gurbi a matsayin rubutu, a ƙidaya layukan da suka shiga, sannan a tace su zuwa jadawali na ainihi. Wannan hanya tana da jinkiri, amma ita ce mafi aminci, domin duk layin da aka ƙi ana iya komawa a duba shi.

Ƙasar Hausa tana da nata kason matsalar. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ ba sa cikin tsarin haruffa na ASCII na 1963, kuma idan mai lodawa bai ayyana tsarin UTF-8 ba, sunan Ɗanladi kan rikiɗe ya zama tarkacen alamomi. A Nijar, inda ake bin tsarin Faransa na sa waƙafi a tsakiyar lamba, Excel kan raba gurabe da waƙafi mai ruwa, ga kuma sifirin farkon lambar wayar Najeriya da ke ɓacewa da zarar an ɗauke ta a matsayin adadi.

Mafi hatsarin kuskure shi ne wanda manhaja ba ta sanar da shi ba. A Oktoban 2020 hukumar lafiyar Ingila ta bayyana cewa sakamakon gwajin korona 15,841 bai shiga ƙididdiga a kan lokaci ba, saboda an zuba fayilolin cikin tsohon tsarin Excel da ba ya wuce layi 65,536.