Jarumin Haya da Mutanen Ƙauye: Yadda Masu Sauraro a Batsari da Safana Ke Karɓar Sabon Kashi na Littattafan Yaƙi

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi abin da masu bibiyar littattafan yaƙi na Hausa ke faɗa idan sabon kashi ya fito, a ƙananan hukumomin Batsari da Safana da ke yammacin Jihar Katsina. An auna maganganunsu da abin da aka sani game da masu karanta labaran zane na samurai, domin duka biyun labarin mai takobi ne da ake saki gutsure-gutsure. Da'awar maƙalar ita ce, mai sauraro a bakin dajin Rugu ba ƙarfin jarumi yake aunawa ba. Abin da yake bi shi ne lokacin da jarumin ya iso, da wanda ke ciyar da shi, da inda takobinsa ke kwana bayan an gama yaƙi.

Gabatarwa

Ba a kasa mujallun zane na Japan a kasuwar Batsari ko ta Runka, amma labarin samurai ya daɗe da shigowa ƙasar Hausa ta bayan gida. A 1954 Akira Kurosawa ya fitar da fim ɗin samurai bakwai waɗanda manoma suka ɗauka haya, ladansu abinci kawai, don su tsare musu ƙauye daga mahara. Fim ɗin Sholay na 1975, wanda da wuya a sami dattijon da ya yi zamanin silima a Katsina bai san Gabbar Singh ba, a kan wannan ginshiƙi aka ɗora shi: ƙauye, ɗan fashi, da baƙi masu makami da aka kira. Littattafan yaƙi na Hausa, irin su Mazan Jiya da Kundin Tsatsuba na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, su ne suka gaji wannan fage a hannun matasa. Su ma kashi-kashi suke fitowa, kuma ana yanke su daidai inda numfashi ya tsaya.

Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Muhawarar da ta fi tashe a kan ƙagaggun labaran Hausa na zamani ita ce ta shekarun 1990. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu sunan Adabin Kasuwar Kano, yana ganin su a matsayin kayan yayi marasa nauyi, su kuwa Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme suka tsaya musu. An yi gumurzu a shafukan jaridu, kuma an ƙaru. Sai dai ɓangarorin biyu sun haɗu a kan abu guda ba tare da sun lura ba: littafin soyayya suke nufi, kuma marubuci suke tuhuma ko karewa. Littafin yaƙi ya zama ɗan bora, ana ambatonsa a layi ɗaya a wuce. Mai karatu kuwa, ana magana a madadinsa ne, ba da shi ba.

Brian Larkin (1997) ya matso kusa da abin da nake nema, da ya nuna cewa Bahaushe na kallon fim ɗin Indiya ne don ya hango matsalar gidansa a rayuwar wasu. Amma shi ma soyayya da auren dole suka ɗauke masa hankali, kuma birnin Kano ne fagensa. Ayyukan Abdalla Uba Adamu na daga baya sun ƙware wajen bin salsalar labari, daga ina aka aro, ta wace hanya ya shigo. Aiki ne mai amfani. Ta irinsa muka san cewa Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa daga tatsuniyar jarumin Rasha Iliya Muromets ya samo tushe. Inda na saɓa da wannan layi shi ne, sanin mafarin labari ba ya gaya mana abin da ya zama bayan ya sauka. Labarin mahara da ake sauraro a ɗakin kwanan ɗalibai a Kano, da wanda ake sauraro a garin da aka binne mutane jiya, kalmominsu ɗaya ne, amma ba abu ɗaya ake ji ba.

Ra'ayin da na fi ƙi shi ne wanda ake yawan ji a bakin malamai, cewa waɗannan littattafai mafaka ce ta masu gudun gaskiya, aljanu da bokaye da takubban tsafi don a manta da talauci. Wanda ya faɗi haka bai zauna ya ji musun da ake yi bayan an kashe waya ba.

Hanyar Bincike

An yi amfani da lura da hira ta baka a majalisun matasa, da teburan masu shayi, da shagunan masu tura fina-finai a waya, a garuruwan Batsari da Safana da Runka. An karanta littattafan da aka fi ambata, aka kwatanta su da Gandoki na Bello Kagara (1934) da Iliya. Ba a ambaci sunan kowa ba, saboda dalilin da duk wanda ya san yankin zai gane.

Sakamako

Abu na farko, yawancin masu bibiyar ba karantawa suke yi ba, sauraro suke. Wani ya karanta littafin da murya, an naɗa, mai shago ya sauko da shi a kwamfuta, yaro ya kawo memori a zuba masa. Bayan sallar isha'i sai a ɗora waya cikin kofin silba da babu komai don sauti ya ƙaru, mai shayi na fifita wuta, wanda ya riga ya ji kashin ana hararar sa kada ya buɗe baki. Da aka katse layukan waya a Batsari da Safana da sauran ƙananan hukumomin da ke bakin daji a watan Satumba na 2021, wannan ciniki bai mutu ba. Wanda ya je Katsina ya dawo da sabon kashi, sauran su karɓa daga waya zuwa waya.

Ƙorafin da aka fi ji shi ne na jan rai: an daɗe ba a saki ci gaba ba, ko kashin ya ƙare ba a yi komai ba sai tafiya a daji. Wannan ba na Batsari kaɗai ba ne. Masu karanta labarin zanen Vagabond na Takehiko Inoue, wanda ya fara fita a 1998 a kan rayuwar Miyamoto Musashi, tun 2015 suke jiran ci gaba. Ba zan tsaya a nan ba.

Abin da ya tsayar da ni shi ne wani sakin layi da kusan kowane littafin yaƙi ke da shi, wanda marubuci ke rubutawa da gudu. Dakarun azzalumin sarki sun afka wa wani ƙauye, sun ƙone rumbuna, sun kore dabbobi, sun kama mata. A wurin marubuci wannan share fage ne, dalili ne kawai da zai sa jarumi ya zare takobi. A majalisun da na zauna, nan ne ake cewa a dakata a maido baya. Ana tambayar ina jarumin yake lokacin da ake wannan ɓarna. Idan ya iso bayan hayaƙi ya lafa, ya yi rantsuwar ɗaukar fansa, ba a yaba masa, dariyar takaici ake yi, wani ya ce ai an saba ganin masu zuwa da safe. Ba sai an fassara wa kowa da wa ake ba. Mutanen da suka ga abin da ya faru a 'Yargamji a watan Mayu na 2019, da Tsauwa da Dankar a watan Fabrairu na 2020, sun san tazarar da ke tsakanin hari da isowar ɗauki. Kashin da ya fi samun yabo ba shi ne mai yawan gawarwaki ba, shi ne wanda jarumi ya kwana a garin kafin mahara su zo.

Daga nan sai tambaya ta biyu ta biyo, kuma ita ce ke raba majalisa gida biyu: wa ke ciyar da shi? Tsofaffin jarumanmu na rubutu suna da ubangida. Gandoki ya yi yaƙi ƙarƙashin Sarkin Sudan Nagwamatse na Kontagora, Iliya kuma na Sarki Waldima ne na birnin Kib. Jarumin littattafan yanzu sau da yawa ba na kowa ba ne, yawo yake daga birni zuwa birni da dokinsa da takobinsa. A nan ne ya yi kama da gwarzon labaran zanen samurai. Ogami Itto na Kazuo Koike da Goseki Kojima, wanda aka buga daga 1970 zuwa 1976, hauni ne na fada da aka yi wa sharri, ya koma kisa don kuɗi yana tura ɗansa a keken katako. Miyamoto Usagi na Stan Sakai, zomon da ke yawo tun 1984, ubangidansa ya mutu a fagen fama, sai ya koma gadi na haya. Mai karatu a Tokyo ko Amurka na iya ganin wannan kaɗaici a matsayin 'yanci abin sha'awa. A Safana ana yi masa kallon lissafi. Matasa, musamman waɗanda ke fita sintiri da dare, suna son jarumin da ba ya jiran umarnin fada, domin a ganinsu jiran umarni ne ya cinye garuruwa. Magidanta kuwa sukan ja baki su tambaya: wanda ba shi da mai tsawata masa, ranar da ya waiwayo kanmu fa? Wani ma yakan ƙara da cewa marubucin bai taɓa faɗin wanda ya ba dokin nan dawa ba, alhali kowa ya san daga rumbun talaka za ta fito.

Wannan musu ba a littafi ya samo asali ba. Shi ne musun da jihar ta yi shekaru tana yi a kan 'yan sa-kai. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta yi sulhu da 'yan bindiga a 2019, ta haramta ayyukan 'yan sa-kai saboda zargin kisa ba shari'a, sannan a 2021 gwamnan da kansa ya shawarci jama'a su nemi abin kare kansu. A watan Oktoba na 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, wato ƙoƙarin sama wa mai makami ubangida da albashi da wanda zai amsa wa tambaya. Matashin da ba zai iya sukar ɗan sa-kan unguwarsu a fili ba, ko ya yabe shi a gaban wanda bai yarda da shi ba, yana iya yin duka biyun a kan wani sadauki na birnin da babu shi a taswira. A wurin da kalmar infoma ke iya jawo wa mutum ajalinsa, wannan ba ƙaramar sutura ba ce.

Akwai kuma tsohon ma'auni da dattawa ke ɗaukowa, wanda bai zo daga Kano ko Bombay ba. Ruma, a cikin Batsari, garin yaƙi ne tun ƙarni na 19, lokacin da mayaƙan Maraɗi ke ratsa wannan daji su kai hari ƙasar Katsina, zamanin da Yusufu Bala Usman ya yi wa cikakken nazari a littafinsa na 1981. Sunan Ɗanwaire, jarumin Ruma na ƙarshen wancan ƙarni, har gobe yana bakin mutane, kuma labaran baka na nuna ya yi wa sarki fiye da ɗaya yaƙi. Idan saurayi ya cika kuri da jarumin littafi, sai dattijo ya ce masa wannan na takarda ne, mu namu kabarinsa na ƙasarmu. Abin lura shi ne, ko a labarin Ɗanwaire ba yawan waɗanda ya kashe ake tsayawa a kai ba, sai a wane ɓangare yake a wace shekara, da abin da ya sa ya sauya.

Tambaya ta uku ba ta cika fitowa ba sai labari ya zo ƙarshe. Marubutan sukan rufe da biki: jarumi ya auri gimbiya, ya hau karaga. Masu sauraro da yawa na ganin an yi musu ƙwange, domin ba a ce komai ba game da mutanen ƙauyen farko, ko sun koma, ko sun yi shuka a daminar. Inoue ya taɓa yin abin da suke nema, ya ajiye Musashi dogon zango a wani ƙauye mai yunwa yana fama da gona, abin da ya gunduri wasu masu karatunsa, wasu kuma suka ɗauke shi ƙololuwar aikin. Ina da yaƙinin da a Runka aka saki wannan sashe, da ba a kira shi jan rai ba. Manomin da gonarsa ke kallon daji, ya shekara bai sa mata garma ba, ya san komawa gona shi ne babban artabun.

Game da tsafi, a taƙaice: ana jure wa aljani da boka muddin jarumi ya ji ciwo. Wanda ƙarfe ba ya kama shi daga farko har ƙarshe, ana cewa ƙaryar ta yi yawa, duk da cewa a cikin masu faɗin haka akwai masu ɗaure da layu.

Iyakokin Bincike

Za a ce majalisar maza ce kawai na saurara, kuma haka ne. Matan aure na sauraron irin waɗannan littattafai a cikin gida, kuma wannan aiki bai shiga can ba. Za a ce garuruwan kan titi na tsaya, ban shiga ƙauyukan da ke manne da daji ko rugagen Fulani ba, inda mai yiwuwa a kalli mahari da mai tsaro ta wata fuskar. Shi ma haka ne, kuma mai ganin laifin hakan hanya a buɗe take. Kwatancen da Japan na matani ne, ba na fili ba. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya taɓa ainihin da'awar, sai dai ya rage faɗin inda za a shimfiɗa ta: maza, masu waya, a garuruwa uku na yammacin Katsina, a shekarun da suka biyo bayan 2019.