Gozaki: Tarihin da ke Jikin Katanga

'Yan uwa marubuta, duk wanda hanya ta kai shi Kafur ya daure ya leƙa Gozaki. Yau cikin ƙauyuka ake lissafa ta, alhali tun kafin jihadin 1804 birni ce mai ganuwa da sarautarta, a ƙasar auduga.

Ginin yankin na tubali ne: a kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a jera azarar giginya, a shafe bango da makubar ɗorawa don kada damina ta ci shi. Sai ga bulo da kwano. Ban ga laifin kowa ba, yaɓen shekara-shekara wahala ne. Abin da ke damuna, a labaranmu kowane gida bene ne, ba zaure ba rumbu. Maginan da suka iya ɗaurin guga kuwa, furfura ta cim musu.