Surar Mace a Zanen Masu Kama Haske na Faransa

A watan Afrilu na shekarar 1874 wasu masu zane da suka gaji da tsauraran sharuɗɗan baje kolin hukuma suka nuna ayyukansu da kansu a birnin Paris, a tsohon ɗakin mai ɗaukar hoto Nadar, daga nan kuma aka laƙaba wa salonsu sunan Imfireshonizim, wato zana abin da ido ya fara kamawa kafin haske ya sauya, ta hanyar ɗiga fenti a gajarce. Macen da aka saba gani a manyan zane-zane kafin su ita ce ta tatsuniyoyin Girkawa, sumul babu tabo, su kuwa sai suka juya ga matan da ke raye a birnin.

Sai dai irin macen da kowane mai zane ya fitar ta danganta da ƙofar da aka yarda ya shiga. Edgar Degas, da yake namiji ne mai hali, yana kaiwa har ɗakunan atisaye na gidan rawar Opera, inda ya zana 'yan mata masu rawar bale, waɗanda yawancinsu 'ya'yan talakawa ne, suna ɗaure takalmi ko sun zube a benci don gajiya. Ya kuma zana wasu mata biyu masu guga, ɗaya tana hamma riƙe da kwalba, ɗayar ta danne dutsen guga da hannu biyu. Akwai gaskiya a waɗannan ayyuka, amma kallo ne na mai leƙe, domin da wuya matan su ɗago ido.

'Ya'yan manyan gida irin su Berthe Morisot da Ba'amurkiya Mary Cassatt ba su da damar zama a mashaya, babbar makarantar zane ta gwamnati ma ba ta karɓi mata ba sai a 1897, saboda haka suka zana ɗaki da lambu da renon yara, suka kuma zana su da sanin ɗan gida. A zanen shimfiɗar jariri na 1872, Morisot ta nuna yayarta Edma ta dafe kumatu da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da bakin siririn labulen da ya lulluɓe jaririyarta. Cassatt kuwa, a wani zane na 1878, ta zaunar da mace mai baƙaƙen kaya a gidan wasan kwaikwayo, ta ɗora madubin hangen nesa a idonta tana kallon gabanta, can nesa kuma wani namiji ya miƙo wuya da nasa madubin yana kallonta, ita ko ta kansa ba ta bi ba.