Hanyoyin Zaburar da Ƙwaƙwalwa Wajen Jinyar Taɓin Hankalin da Ya Ƙi Jin Magani

Gabatarwa

Akwai iyalai da dama da suka kai ɗan'uwansu asibiti saboda taɓin hankali, aka ba shi magani ya sha na tsawon watanni, aka sake masa wani, amma sauƙi bai samu ba. A irin wannan hali ne mutane kan yanke ƙauna, har wasu su koma kulle majinyaci a ɗaki ko ɗaure shi da mari. A wannan shafi mun kawo bayani ne a kan wasu hanyoyin jinya da likitoci ke amfani da su idan ƙwayoyin magani suka gaza, wato hanyoyin zaburar da ƙwaƙwalwa da lantarki ko maganaɗisu. Manufarmu ita ce jama'a su san wace hanya ce amfaninta ya tabbata, wace ce kuma har yanzu ake gwajinta.

Ciwon da ya ƙi jin magani

Sikizofiriniya wani nau'in taɓin hankali ne mai tsanani. Mai fama da shi yakan ji muryoyin da sauran mutane ba sa ji, ko ya kafe a kan wani zato maras tushe, kamar cewa ana farautar ransa. Yakan kuma janye jiki daga mutane, zancensa ya riƙa warwatsewa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 sun nuna cewa kimanin mutum miliyan 24 ne ke fama da shi a duniya.

Yawancin majinyata suna samun sauƙi da magungunan da aka saba bayarwa, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ba sa samun sauƙin da ake buƙata. Likitoci ba sa cewa ciwo ya ƙi jin magani sai an jarraba magunguna iri biyu mabambanta, kowanne a adadin da ya dace, na tsawon aƙalla mako 6, kuma an tabbatar majinyacin ya sha su a kan ƙa'ida.

Idan hakan ya tabbata, abin da ake fara komawa gare shi shi ne maganin kulozafin, wanda ake rubutawa Clozapine a jikin kwalinsa. Wani bincike da Dokta John Kane da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1988 ya nuna cewa kashi 30 cikin 100 na irin waɗannan majinyata sun samu sauƙi da shi cikin mako 6, alhali kashi 4 cikin 100 ne kawai suka samu sauƙi da tsohon maganin da aka gwada su tare. Sai dai yana buƙatar gwajin jini a kai a kai, domin yakan rage fararen ƙwayoyin jini ga wasu 'yan tsiraru. Bugu da ƙari, akwai majinyata da yawa da shi ma ba ya wadatar da su. A nan ne ake duba hanyoyin zaburar da ƙwaƙwalwa.

Yadda waɗannan hanyoyi ke aiki

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna isar da saƙo ga junansu ne ta hanyar ɗan ƙaramin lantarki da kuma wasu sinadarai. Ƙwayar magani tana bi ta jini ta gyara ɓangaren sinadaran. Su kuwa waɗannan hanyoyi suna taɓa ɓangaren lantarkin ne kai tsaye, ko dai su farkar da sashen da aikinsa ya yi sanyi, ko su lafar da wanda ya cika zaƙewa.

1. Jinya da jijjigar lantarki

Wannan ita ce mafi daɗewa, likitoci kuma suna taƙaita sunanta da ECT. Asalinta ya faro ne daga Ladislas Meduna, wani likita ɗan ƙasar Hangari, wanda a 1934 ya fara yi wa majinyata allurar kafur domin ya jawo musu jijjiga irin ta farfaɗiya, ya kuma ga wasu sun samu sauƙi. A 1938 Ugo Cerletti da Lucio Bini suka yi amfani da lantarki a maimakon allura a birnin Rum na ƙasar Italiya, kuma mutum na farko da suka yi wa mai fama da sikizofiriniya ne.

A wancan zamani ana yin ta ne majinyaci na farke, abin da kan jawo karaya da firgici, kuma daga nan ne mummunan sunanta ya samo asali. Tun daga shekarun 1950 aka soma gyara tsarin. A ƙa'idar yau, majinyaci zai ƙaurace wa abinci na wasu sa'o'i, a yi masa allurar barci da ta sassauta tsoka, a ba shi iskar oksijin, sannan a saki lantarki na 'yan daƙiƙoƙi ta gefen kansa. Jijjigar ba ta cika wuce minti ɗaya ba, kuma ba ya jin komai. Akan yi sau 2 ko 3 a mako, jimilla sau 6 zuwa 12, wani lokaci fiye da haka ga masu sikizofiriniya.

Amfaninta ya fi tabbata ga ciwon damuwa mai tsanani, musamman idan majinyaci ya daina ci da sha ko yana yunƙurin hallaka kansa, da kuma halin sandarewa, inda mutum kan ƙame ba motsi ba magana. Game da sikizofiriniya kuwa, binciken Dokta Georgios Petrides da aka wallafa a 2015 a kan majinyata 39 da kulozafin bai wadatar da su ba ya nuna cewa rabin waɗanda aka haɗa musu da ECT sun samu sauƙi, alhali babu ko ɗaya da ya samu irin wannan sauƙi a cikin waɗanda suka tsaya a kan maganin kaɗai. Sai dai wani ƙaramin bincike da aka yi a Birazil a 2017 bai ga bambanci mai yawa ba, don haka ba kowa take yi wa aiki ba.

Illolinta sun haɗa da ciwon kai, ciwon jiki, ruɗewa bayan farfaɗowa, da kuma mantuwa. Mantuwar takan gushe cikin makonni ga mafi yawa, amma akwai waɗanda wasu abubuwan da suka faru dab da lokacin jinyar kan ɓace musu ɗungurungum. Har ila yau, ciwon kan dawo idan ba a ci gaba da shan magani ba.

2. Zaburarwa da maganaɗisu

Wannan hanya, wadda ake kira TMS, Anthony Barker da abokan aikinsa ne suka fito da ita a 1985 a birnin Shefil na Ingila. Ana ɗora wata na'ura a kan fatar kai, ta riƙa sakin ƙarfin maganaɗisu da ke ratsa ƙoƙon kai ya taɓa saman ƙwaƙwalwa. Majinyaci na zaune a kujera, idonsa biyu, ba allurar barci. Akan yi kwana 5 a mako, na tsawon mako 4 zuwa 6.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita don ciwon damuwa a 2008, sannan don ciwon waswasi mai tsanani a 2018. A ɓangaren sikizofiriniya, Dokta Ralph Hoffman na Jami'ar Yale ya fara gwada ta a 1999 domin rage jin muryoyi, ta hanyar lafar da sashen hagu na ƙwaƙwalwa mai alaƙa da fahimtar magana. Binciken da ya biyo baya ya zo da sakamako mai cin karo da juna, shi ya sa ba a ɗauke ta a matsayin tabbataccen maganin wannan ciwo ba tukuna. Illarta ba ta cika wuce ciwon kai ba, ko da yake jefi-jefi takan jawo jijjiga. Ba a yi wa wanda ke da ƙarfe a cikin kansa.

3. Zaburarwa da ƙaramin lantarki

A wannan hanya, mai suna tDCS, ana manna wasu jiƙaƙƙun soso guda biyu a kai, a saki lantarki mai rauni ƙwarai na kimanin minti 20. Binciken Michael Nitsche da Walter Paulus a Jamus a shekarar 2000 shi ne ya farfaɗo da ita. A 2012 masu bincike a birnin Liyon na Faransa sun gwada ta a kan majinyata 30, inda jin muryoyi ya ragu da kimanin kashi 31 cikin 100 ga waɗanda aka yi wa. Wasu gwaje-gwajen baya ba su samu irin wannan nasara ba. Muna jan hankalin jama'a da su guji sayen irin waɗannan na'urori ta intanet don yi wa majinyaci a gida.

4. Hanyoyin da ke buƙatar tiyata

Hanya ta farko ita ce dasa wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fatar ƙirji, wadda ke zaburar da wata babbar jijiya da ta bi ta wuya zuwa ƙwaƙwalwa. An amince da ita a Amurka don farfaɗiya a 1997, da kuma ciwon damuwa da ya ƙi magani a 2005.

Ta biyu ita ce dasa siraran wayoyi can cikin ƙwaƙwalwa, wadda ake kira DBS. Alim-Louis Benabid da Pierre Pollak ne suka share fagenta a Faransa a 1987. Amurka ta amince da ita don ciwon rawar jiki a 1997, da cutar Fakinsin a 2002. Game da sikizofiriniya, an wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a birnin Basalona na ƙasar Sifen a 2020, amma majinyatan ba su kai goma ba. Saboda haka tana matakin bincike ne, kuma tana ɗauke da haɗarin tiyata, kamar zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

Haƙƙin majinyaci

Tun a 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kada a yi ECT sai da amincewar majinyaci bayan an yi masa cikakken bayani, kuma sai da allurar barci da ta sassauta tsoka. A Nijeriya, an sanya hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi kare mutuncin masu wannan lalura.

Kafin a amince da kowace hanya, ya kamata majinyaci da iyalansa su tambayi likita waɗannan abubuwa:

Shin an jarraba kulozafin?
Wane sauƙi ake sa rai, kuma cikin wane lokaci?
Akwai likitan sa barci da zai kasance a wurin?
Wane magani za a ci gaba da sha bayan an kammala?

Wajibi ne kuma a sanar da likita idan majinyaci na da ciwon zuciya, hawan jini, juna biyu, ko kuma ya taɓa shanyewar ɓarin jiki.

Kammalawa

Daga bayanin da ya gabata, za mu ga cewa ECT ce ta fi sauran hanyoyin ƙarfin hujja ga sikizofiriniyar da ta ƙi jin magani, kuma ana yin ta ne tare da magani, ba a madadinsa ba. Sauran hanyoyin sun tabbata ga wasu cututtuka, amma ga wannan ciwo ana kan bincike. Muna shawartar duk mai majinyacin da ya daɗe yana shan magani ba tare da sauƙi ba da ya nemi a tura shi ga ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa, a asibitocin koyarwa ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Kaduna, Kware da Maiduguri, domin a sake duba lamarinsa tun daga tushe. Kada kuma a dakatar da maganin da yake sha ba tare da izinin likita ba.