Tarihin Aikin Gyaran Magana da Haɗiya

Gyaran magana da haɗiya fanni ne na kiwon lafiya da ke kula da mai in'ina, da yaron da ya yi nauyin baki, da kurman da ke koyon furuci, da wanda shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana ko ta hana shi haɗiya.

A ƙasar Hausa, har da Dutsin-Ma da Kurfi, waɗannan larurori sun riga asibiti zuwa. Idan maƙogwaro ya dami mutum, wanzami ake kira ya cire belu. Yaron da ya yi jinkirin magana kuma a karɓo masa rubutu wurin malam. Kurame kuwa sun daɗe da nasu harshen, maganar hannu.

Fannin na zamani daga Turai ya taso. A 1861 likitan Faransa Paul Broca ya danganta ɗaukewar magana da rauni a wani sashe na gaban ƙwaƙwalwa. Yaƙe-yaƙen duniya biyu suka dawo da sojoji masu irin wannan rauni, dole aka nemi masu koya musu magana. An kafa ƙungiyar masu aikin a Amurka a 1925, ta Birtaniya kuma a 1945.

Haɗiya daga baya ta samu kulawa, musamman bayan littafin Jeri Logemann na 1983, alhali ita ce ta fi saurin kisa. Majinyacin da maƙogwaronsa ya raunana, ruwa ko abinci kan kauce masa zuwa huhu, ya haifar da ciwon huhu, wani lokaci ko tari bai yi ba. Masanin kan gwada haɗiyarsa, ya koya wa dangi su zaunar da shi tsaye, su ba shi kaɗan-kaɗan, domin sau da yawa ruwa tsinkakke ya fi kunu mai kauri ƙware shi. Ɗura wa kwantacce fura tausayi ne, amma yana iya zama ajalinsa.

A Najeriya, doka ta 38 ta 1988 ce ta kafa hukumar da ke yi wa masu wannan aiki rajista. An kafa Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna a 1999, bayan annobar sanƙarau ta 1996, cutar da kan bar yara da kurumta. Har yau masanan ƙalilan ne, kuma galibinsu suna manyan birane.

Dutsin-Ma na da jami'ar tarayya tun 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Ya kamata a horar da 'ya'yan yankin, domin mai gyara furucin Bahaushe sai ya ji Hausa.